Ga 'Ya'yana Masu Siyasa a Waya

'Ya'yana na Jega, da na Aliero, da na Maiyama. Ku tara hankalinku wuri ɗaya, akwai maganar da ta daɗe tana cina, kuma na ga shirun manya a kanta ya fara zama laifi.

Kada wani ya ɗauka zan ce ku daina sukar masu mulki. Ba zan ce ba. Wanda ya nemi ƙuri'arku ya hau kujera, dukiyarku yake riƙe da ita, kuma tambayarsa haƙƙinku ne. Na fi son saurayin da zai buɗe baki ya ce an yi ba daidai ba, a kan wanda zai ga ɓarna ya sunkuyar da kai. Abin da nake kuka da shi shi ne yadda ake maganar. A Facebook da WhatsApp da TikTok, yaro zai rubuta cewa magudanar ruwan unguwarsu ta cushe, ga damina ta kawo kai, ina kansila, ina ciyaman? Magana ce mai kyau. Kafin a jima wani ya amsa masa, ba a kan magudanar ba, a kan ubansa: wai an san gidansu, an san abin da kakansa ya yi. Shi kuma ya mayar da ashar. Daga nan abokan wannan su shigo, abokan wancan su shigo, a kwana ana zagin uwaye. Gari ya waye magudana tana nan yadda take, an kuwa ƙara gidaje biyu a cikin waɗanda ba sa ga maciji da juna.

Ku dubi waɗanda kuke wannan faɗan dominsu. Da aka naɗa Sanata Muhammadu Adamu Aliero ministan Abuja a ƙarshen 2008, Atiku Bagudu ne ya gaji kujerarsa ta Kebbi ta Tsakiya. A 2015 suna inuwa ɗaya a APC, Bagudu ya zama gwamna, Aliero ya koma majalisar dattawa. A 2022 suka ɓata, Aliero ya koma PDP, suka kara a zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, Aliero ya kayar da gwamna mai ci. A 2025 kuma ga Aliero ya dawo APC, jam'iyyar da Bagudu yake minista a gwamnatinta. Ban kawo wannan don in zargi ko ɗaya daga cikinsu ba. Siyasa ta gaji haka, yau a haɗu gobe a rabu, kuma kowannensu yana da dalilansa. Amma ina tambayarku: yaron da ya zagi ƙanen mahaifinsa a 2023 saboda ɗayansu, ya daina gaishe da maƙwabcinsa, ya rubuta abin da ba ya goguwa, shi da wa zai shirya yanzu? Manya sun zauna a falo ɗaya sun ci abinci. Ba wanda ya aiko a sasanta ku, domin ba su ma san kun ɓata ba.

Kuma ku tuna inda kuke. Wanda yake Legas yana iya zagin mutumin da ba zai taɓa gani ba har ya koma ga Allah. Ku ba haka kuke ba. Daga Jega zuwa Aliero tafiyar 'yan mintoci ce, Maiyama ma ga ta nan kan hanyar Koko. Kasuwarmu ɗaya, maƙabartarmu ɗaya, auratayya ta ɗinke mu tun kafin a haife ku. Wanda ka ci wa mutunci da dare, da shi za ku tsaya sahu ɗaya a sallar jana'iza da safe. Wataƙila ƙanwarsa ce za ka nema nan da shekara biyu, kuma a yau idan iyaye za su yi binciken mai neman aure, ba maƙwabta kaɗai ake tambaya ba, ana duba abin da ya rubuta. Na san an fasa ba da aure saboda wannan, kuma ban ga laifin iyayen ba. Wanda bai ji nauyin zagin sa'an ubansa a gaban duniya ba, me zai hana shi zagin surukinsa a zaure?

Akwai waɗanda kuke kira 'yan data. Ana ɗan tura musu kuɗin kati a ƙarshen wata, ko a yi musu alkawarin muƙamin mai taimaka wa wane, su kuma aikinsu shi ne duk wanda ya taɓa maigida su far masa. Na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, ga takardar digiri a akwati, ga babu aiki. Ba na raina talaucin kowa, kuma yi wa ɗan siyasa aikin yaɗa manufa ba haramun ba ne. Ka tallata rijiyar da ya gina, ka kare shi da hujja inda aka yi masa ƙarya, wannan sana'a ce. Amma ranar da aka ce ka ƙaga wa wani sharri, ko ka tono asirin iyalinsa, to an saye abin da ya fi kuɗin da aka ba ka nesa ba kusa ba. Kuma ka lura, mai ba ka kuɗin bai sa ɗansa wannan aikin ba. Nasa yana makaranta, sunansa a wanke, ana tanadinsa don gobe. Tun zamanin NEPU da NPC talaka ne ake turawa gaba da gora, a fasa masa kai, a ɗaure shi. Yanzu gorar ce kawai ta koma waya.

Abin da ya fi ba ni takaici, mu ne bai kamata a koya wa wannan darasi ba, domin ɗan garin nan na Jega ne ya koya wa Nijeriya duka. Ranar 31 ga Maris 2015, ana tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a Abuja, ƙasa ta yi tsit, mutane da yawa sun kwashe iyalansu sun koma garuruwansu don tsoron abin da ya faru a 2011, lokacin da rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka fiye da 800. Sai Godsday Orubebe, tsohon minista kuma wakilin PDP, ya karɓe makirufo yana ɗaga murya, yana zargin shugaban hukumar zaɓe, Farfesa Attahiru Jega, da son kai da ƙabilanci, ya ƙi zama, ya ƙi bari a ci gaba. Duk duniya tana kallo a talabijin. Farfesa bai tashi daga kujerarsa ba, bai sa a fitar da shi ba, bai ce da shi kanzil ba har ya gama. Sannan ya ɗauki ƙorafe-ƙorafen ɗaya bayan ɗaya ya amsa, ya tuna masa cikin ladabi cewa wanda ya taɓa riƙe muƙamin minista ya kamata ya kula da abin da yake faɗa a bainar jama'a, ya ce a ci gaba da karanta sakamako. Kafin rana ta faɗi Shugaba Jonathan ya buga wa Janar Buhari waya ya taya shi murna. Daga baya Orubebe da kansa ya nemi afuwar 'yan ƙasa.

Ku yi tunani da a ce Farfesa ya rama. Da kalma ɗaya mai zafi ta fita daga bakinsa, da an sami abin da ake nema, a watse taron, kuma Allah kaɗai ya san gawa nawa za a kwasa a Kano da Kaduna da Fatakwal. Kada kuma ku ce sanyin hali ne ko tsoro. Mutumin nan ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU a zamanin Babangida, lokacin da ja da gwamnati yake kai mutum kurkuku. Ya san faɗa sarai. Sanin faɗan ne ya sa ya gane wanda bai kamata a shiga ba. Ko'ina kuka je a ƙasar nan kuka ce daga Jega kuke, wannan ranar ce take faɗo wa mutane a rai, suna ganin girmanku saboda ita. To da wace fuska mai wannan gado zai zama shi ne gwanin ashar?

In kuka koma baya ma, garin nan a kan saɓanin siyasa aka kafa shi. Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu, shi ne ya zauna da jama'arsa a Gimbana. Harin da Gobirawa suka kai musu, da kuɓutar da kamammunsu da jama'ar Shehu suka yi, yana cikin abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Bayan an ci nasara, Abdussalami ya ga ba a yi masa adalci ba wajen rabon ƙasa da iko, kuma ya ga wasu abubuwa da yake ganin sun kauce wa abin da aka fito dominsa. Bai ɓoye ba. Ya rubuta, da sunansa, ya aika wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka amsa masa a rubuce. Ba zan rufe muku ƙarshen labarin ba, domin ba mai daɗi ba ne: magana ta ƙi ci, aka yi yaƙi a Kware, Abdussalami ya sami rauni ya rasu a 1818. Sai da aka yi sulhu da Gwandu sannan ɗansa Buhari ya kafa Jega wajen 1820, ta bunƙasa har kasuwarta ta yi suna a ƙasar Hausa duka.

Abin da nake so ku ɗauka daga nan biyu ne, kuma na biyun ya fi nauyi. Na farko, Bello ya rubuta littafi a kan abin da ya gudana tsakaninsa da Abdussalami, Sardul Kalami, ya sa maganar abokin hamayyarsa a ciki. Haka ya yi da Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi na Barno, wanda ya ƙalubalanci halaccin yaƙar Barno da kakkausar hujja: Bello ya kwafe wasiƙunsa ya zuba a Infaƙul Maisuri, sannan ya ba da amsa. Yau shekara fiye da 200, muna iya karanta abin da kowane ɓangare ya ce, mu auna da kanmu. Ku kuwa sai a yanko daƙiƙa goma daga jawabin awa guda, a jefar da gabansa da bayansa, a ce ga abin da wane ya ce. Wannan ha'inci ne, ko da kowace kalma a ciki tasa ce. Na biyu, waɗannan malamai ne, masu tsoron Allah, masu auna kalma, amma duk da haka da saɓani ya yi tsanani sai da jini ya zuba, kuma sai da 'ya'ya suka zo suka ɗinke abin da ya yage. Idan haka ta faru da su, me kuke tsammani daga maganar da ba a auna ta ba ko kaɗan?

Shi ya sa hankalina yake tashi idan na ga ana ɗauko sunan Abdussalami ana kafa hujja da shi a wannan sabuwar fitinar ta raba Hausa da Fulani da ta cika wayoyi. Tarihi a karanta shi, a yi muhawara a kansa, ba a hana ba, kuma ba duka abin da ya faru ne mai daɗin ji ba. Amma a Jega wa zai rantse jininsa bai gauraya ba? Bagimbane da Bafulatani da Bakabe da Bazabarme sun haifi juna a garin nan tun tuni. Ɓarayin daji da suka addabi jama'a, waɗanda suka kwashe ɗalibai a Birnin Yauri a Yunin 2021, a kira su da sunan laifinsu, a nemi hukuma ta yi maganinsu. A jingina laifinsu ga ƙabila ɗungurungum kuwa zalunci ne, kuma wanda ya fara shan wahalarsa shi ne makiyayin da shi ma aka sace wa shanu.

Ba sai na zama malami ba kafin in tuna muku abin da kuka karanta a makarantar allo. Suratul Hujurati ta yi umarni a binciki labari kafin a yi aiki da shi, ta hana izgili, ta hana jifan juna da munanan laƙabi, ta hana mugun zato da bin diddigin asirin mutane da giba. Ban ga inda aka ce ban da lokacin zaɓe ba. Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da aka aike shi wurin Fir'auna, magana mai laushi aka umarce shi da ita. Abokin hamayyarka bai kai Fir'auna ba. Mafi muni shi ne saurin fitar da mutum daga addini saboda ya zaɓi wata jam'iyya, ko a ce wane munafuki ne, wane ɗan wuta ne. Wa ya ba ka mabuɗin? Kuma kada mai turawa ya ce ai ba shi ya rubuta ba, gani ya yi ya tura. A 2018 an yaɗa cewa Shugaba Buhari ya rasu, wai wani Jibrin daga Sudan ne aka ajiye a fadar, har sai da shugaban ya fito a Folan a Disambar shekarar ya ce shi ne da kansa. Ƙaryar da ko yaro bai kamata ya yarda da ita ba, masu turawa ne suka ba ta ƙafa. Yanzu kuwa ana haɗa muryar mutum da hotonsa da kwamfuta, a sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Wanda bai iya dakatawa ya tambaya ba, kowa ma zai iya hawansa.

Game da mata, maganata gajera ce. 'Yar'uwarku za ta faɗi ra'ayinta a kan makaranta ko asibiti, maimakon a amsa mata, sai a koma kan aurenta, da shigarta, da mutuncinta. Jifan mace da alfasha ba da shaidu ba, bulala 80 ne a shari'a. Ƙasar da Nana Asma'u ta yi rubutu ta koyar, ba a nan ne za a rufe bakin mace da ƙazafi ba.

To yaya ake suka? Mutanen Aliero sun fi kowa sanin amsar, domin garinsu ne ake kawo karaya daga nesa a yi ɗori. Mai ɗori yana kama wurin da ya karye ya ja, majinyaci ya yi ƙara, amma ba ya taɓa inda lafiya take, kuma nufinsa ƙashi ya haɗu. Ku kama wurin da ya karye. Manomin albasa yana asarar wani kaso na amfaninsa kowace shekara a rudu saboda zafi da ruɓewa, ga tilas ya sayar da arha lokacin kaka: ku tambayi wakilanku me suka yi a kan wurin ajiya. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Nuwamban 2015: ku tambaya wa ya amfana, wa ya biya, me ya rage a fadamunmu. Kuɗin da ake rabo daga asusun tarayya ana buga shi kowane wata, har kason kowace ƙaramar hukuma, kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye: ku nemo na Jega da Aliero da Maiyama, ku ajiye shi kusa da abin da idonku ya gani a ƙasa. Ku da kuka yi karatu a jami'ar Aliero, wannan aikinku ne. Kasafin kuɗi ya ce an gina aji shida, ka je ka ɗauko hoton fili, ka sa kwanan wata, ka sa sunanka. Wallahi wannan ya fi ashar dubu hana mai mulki barci. Zagi ma sauƙi yake kawo masa, domin yana ba shi damar ya ce 'yan hassada ne marasa tarbiyya, ya wuce tambayar bai amsa ba.

Masu riƙe da iko, ku ma 'ya'yana ne da ƙannena, kada ku karanta wannan ku yi murmushi kuna cewa tsoho ya tsawata wa yara. Ladabin da nake kira gare shi ba rufe baki ba ne, kuma ba ku da izinin fakewa da shi. Abubakar Idris Dadiyata, malamin jami'a mai sukar gwamnati, an ɗauke shi a ƙofar gidansa a Kaduna a Agustan 2019, iyalinsa suna ta jira. A Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda 'yar gajeruwar magana a kan uwargidan shugaban ƙasa, sai da ƙasa ta yi ca kafin a janye ƙarar. Maganar yaron ba ta dace ba, amma abin da aka yi masa ya fi ta muni. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 an yi ta kama 'yan jarida da shi, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Wanda aka yi wa ƙazafi yana da kotu, ya je ya nemi haƙƙinsa kamar kowa. Amma ɗan sanda ba maganin tambaya ba ne. Kuma duk ɗan siyasar da yake ciyar da masu zagi, ya sani kowace ashar da suka yi yana da kamasho a cikinta ranar da ba data ba muƙami. Haka malamin da ya mai da karatunsa wurin habaici ga wani malami saboda ɗan takara, yara suna ɗauka suna yaɗawa. Daga bakinsa suka ji cewa abin ya halatta.

Zaɓen 2027 yana matsowa, na san wayoyi za su ƙara zafi. Ku da kuke kula da zaurukan WhatsApp na unguwa da na 'yan makaranta da na 'yan kasuwa, ku masu unguwa ne a wurin, za a kuma tambaye ku. Kada ku kori mutum don ya soki jam'iyyarku. Amma wanda ya taɓa uwar wani, ko addininsa, ko asalinsa, ku kira shi gefe ku yi masa magana, in ya ƙi ku cire abin da ya rubuta, ko da naku ne, musamman ma in naku ne.

Wanda kuma ya san ya riga ya ci mutuncin wani, kada ya ce ai ya goge. An riga an ɗauki hotonsa, yana yawo. A inda ka yi ɓarnar, a nan za ka koma ka rubuta cewa abin da ka faɗa a kan wane ba gaskiya ba ne, ka janye. Bayan haka ka ajiye wayar a gida, ka nemi wani babba a danginku ya raka ka, ku je ƙofar gidan mutumin bayan la'asar ku yi sallama.